Yadda ake koya wa matashi mai lalurar rashin natsuwa tsara aikinsa da karatunsa

A gidaje da yawa a Kano akwai matashin da kowa ya shaida yana da kaifin basira, amma jakar makarantarsa kullum a hargitse take, aikin gida sai ranar miƙawa yake tunawa da shi, kuma idan aka aike shi sayo abu uku sai ya dawo da ɗaya. Sunayen da ake laƙaba masa sanannu ne: malalaci, mai kunnen ƙashi, mai taurin kai. Daga cikin irin waɗannan yara akwai waɗanda ƙwaƙwalwarsu ke aiki ta wata hanya daban, kamar masu lalurar rashin natsuwa da likitoci ke kira ADHD, da masu otizim, wanda wasu ke kira galahanga, da masu disleksiya, wato wahalar haɗa baƙi da karatu. An kiyasta cewa kusan kashi 5 cikin 100 na yaran duniya suna da ADHD, ke nan a aji mai ɗalibai 60 ba abin mamaki ba ne a samu uku.

Abin da ke ba da yawa daga cikinsu wahala shi ne ayyukan ƙwaƙwalwa da ke tafiyar da mutum: riƙe bayani a ka yayin da ake aiki da shi, danne sha'awar da ta bijiro, da sauya dabara idan ta farko ta ƙi ci. Daga waɗannan ne iya tsara aiki da fara shi da kiyaye lokaci suke fitowa. Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi shi ya fi ɗaukar nauyinsu, kuma ba ya gama girma sai mutum ya kai shekara 25 ko kusa da haka. Masanin halayyar ɗan Adam na Amurka Russell Barkley ya daɗe yana bayanin cewa mai ADHD ya san abin da ya kamata ya yi, aikata shi a kan lokacinsa ne ke gagararsa. Shi ya sa yawan nasiha da faɗa ba sa kai ko'ina. Matakan da ke tafe duk manufarsu ɗaya ce: a fitar da tsarin daga kan yaron a ɗora shi a kan takarda da bango da agogo, har zuwa lokacin da zai iya riƙe shi da kansa.

Mataki na farko: a gano inda aikin ke tsayawa

Kafin a gyara komai, a yi mako guda ana lura ba tare da tsawa ba. Wani yaron matsalarsa farawa ce, zai zauna gaban littafi na tsawon lokaci bai rubuta ko layi ɗaya ba. Wani yana farawa da zafi amma ba ya kai wa ƙarshe. Wata kuwa tana gama aikin tsaf, sai ta manta shi a gida ranar da malami zai karɓa. Kowanne maganinsa daban ne. A zaɓi matsala ɗaya tak a fara da ita, domin gidan da ya ɗauko gyara biyar a lokaci guda yakan gaji kafin wata ya ƙare.

Mataki na biyu: a zauna da shi a yi shawara

Ɗan shekara 15 ba ƙaramin yaro ba ne, kuma duk jadawalin da aka rubuta masa a bayan idonsa zai ɗauke shi a matsayin horo. A zaɓi lokacin da babu ɓacin rai, ba a gaban ƙannensa ko baƙi ba. Maimakon uwa ta ce, "Kai dai ba ka jin magana," za ta iya cewa, "Na lura aikin lissafi ne yake yawan kwana ba ka yi ba, me yake faruwa idan ka buɗe littafin?" Amsar takan ba da mamaki. Yana iya cewa, "Umma, ban san ta inda zan fara ba," ko kuma ya ce bai gama kwafar tambayoyin ba aka goge allon aji. Wannan amsar ita ce za ta nuna abin da za a gyara. A al'adarmu ba kasafai babba ke neman ra'ayin yaro ba, amma a nan babu makawa, kuma ba ya rage wa iyaye girma.

Mataki na uku: a ɗaure ayyuka ga lokutan salla

Irin waɗannan matasa ba sa jin wucewar lokaci yadda sauran mutane ke ji. Idan aka ce "ƙarfe bakwai da rabi", maganar ba ta kama su, domin sai sun tuna su duba agogo, kuma tunawar ce matsalar. A Kano muna da abin da masu ba da shawara a ƙasashen Turai suke wahala wajen ƙirƙira: kiran salla sau biyar a rana, wanda ake ji a kowace unguwa ko da wuta ko babu. A yi amfani da shi. A maimakon ƙarfe kaza, a ce bayan an dawo daga sallar Magariba za a yi zaman karatu na farko, bayan Isha'i kuma a shirya jaka.

Sai a duba ranar yaron da idon gaskiya. Mafi yawan ɗaliban sakandare suna makarantar boko daga safe har bayan Azahar, su tafi Islamiyya bayan La'asar, su dawo dab da Magariba, ga aikin gida na shara da wanke-wanke da aike, wasu kuma ranar Asabar suna taya iyayensu zama a shago a Kantin Kwari ko Sabon Gari. Lokacin da ya rage kaɗan ne, saboda haka jadawalin da ya ce awa uku na karatu kowane dare ƙarya ce tun a takarda. Ranakun Alhamis da Juma'a, da yawancin Islamiyoyi ke hutu, su suka fi dacewa da aiki mai tsawo. A watan azumi a sake jadawalin gaba ɗaya. Kada kuma a ci lokacin barci, domin matashi yana buƙatar awa 8 zuwa 10, kuma rashin barci yana ƙara dagula natsuwa.

A rubuta jadawalin da manyan baƙaƙe a manna inda ido zai faɗa a kai, kamar bayan ƙofar ɗaki. A ƙasansa a sa jerin abin da ke shiga jaka: littattafan darussan gobe, aikin gida, biro biyu, kuɗin A Daidaita Sahu. Yaron ne zai riƙa karantawa yana sakawa, sannan a ajiye jakar tare da takalmi a wuri guda kullum. Ga mai otizim, wanda sauyin ba-zata ke tayar wa hankali, a sanar da shi tun da wuri idan wani abu zai canza, ko biki ne ko tafiya.

Mataki na huɗu: a yanka aiki ƙanana

"Je ka yi karatu" umarni ne marar kai marar gindi ga wanda bai iya tsara aiki ba. Abin da mutum ke iya riƙewa a ka a lokaci guda bai fi abu huɗu ba ko kusa da haka, kamar yadda masani Nelson Cowan ya nuna a 2001, kuma na waɗannan yara yakan yi saurin zubewa. A ɗauki misali: malamar Turanci ta ba da rubutun insha'i ranar Litinin, za a miƙa ranar Juma'a. Ranar Litinin da dare aikin kawai shi ne a karanta tambayar da ƙarfi a ja layi a ƙarƙashin abin da ake nema. Talata a rubuta batutuwa uku a gefen takarda. Laraba a rubuta sakin layi biyu, Alhamis a ƙarasa a saka a jaka. Kowane yanki a rubuta shi da kalmar aikatawa, kuma na farko ya zama mai sauƙi ƙwarai, kamar "buɗe shafi na 40 ka kwafi tambaya ta ɗaya". Idan ya gama yanki, shi zai soke shi da biro da hannunsa.

Akwai wata ƙaramar dabara mai amfani a nan. Kafin ya fara, a tambaye shi minti nawa yake ganin aikin zai ci, a rubuta, sannan a auna da agogo. Wanda ya ce minti 10 ya ga ya ci 35, kuma aka maimaita haka sau da yawa, a hankali kiyasinsa zai fara kusantar gaskiya.

Mataki na biyar: gajeren zama, da wani a kusa

Wani ɗan Italiya mai suna Francesco Cirillo ya fito da tsarin aikin minti 25 da hutun minti 5 a ƙarshen shekarun 1980. Ga yaron da natsuwarsa ba ta kai nan ba, a fara da minti 10 ko 15, a ƙara a hankali. A lokacin hutu ya miƙe, ya sha ruwa, ya zaga tsakar gida, amma kada ya taɓa waya, domin wanda ya shiga TikTok na minti biyar ba ya fitowa. Wayar ta kasance a hannun wani ko a wani ɗaki, a yi amfani da ƙaramin agogon tebur. A tanadi fitila mai caji tun da rana.

A gidan yawa samun shiru ba abu ne mai sauƙi ba, sai a nemi soro ko ɗakin da babu talabijin. Da yawa daga cikin irin waɗannan yara sun fi aiki idan akwai wani zaune kusa yana nasa aikin, ko yayarsa tana nata karatun ko mahaifiyarsa tana tsintar shinkafa, ba tare da sa ido ko gyara ba. Idan yana son karatu a tsaye, ko yana jujjuya wani abu a hannu, a ƙyale shi muddin aikin yana tafiya. Lada kuwa ya zo da wuri: alƙawarin keke a ƙarshen shekara ya yi masa nisa, amma izinin zuwa kallon ƙwallo ranar Asabar idan an cika zaman mako yana da tasiri.

Mataki na shida: a koya masa karatun da ke zama

Ɗalibai da yawa sun ɗauka karatu shi ne a yi ta maimaita kallon shafi. Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna tun a 1885 cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan an koyi abu, kuma bita da aka rarraba a kan kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. Binciken da masana halayyar ɗan Adam Roediger da Karpicke suka yi a 2006 ya nuna cewa ɗalibin da ya rufe littafi ya gwada tunowa ya fi riƙe darasi bayan mako guda a kan wanda ya sake karantawa kawai. Makarantar allo ta riga ta san wannan: ana rubuta ɗan kaɗan, a haddace, a biya wa malam ba tare da dubawa ba, sannan a wanke a ci gaba, ga kuma tilawar baya da ba a bari. Haka za a yi da ilimin halittu ko tarihi. Ya karanta sashe ɗaya, ya rufe, ya faɗa da bakinsa ko ya rubuta abin da ya tuna, ya buɗe ya ga abin da ya tsallake. Ya sake gwada kansa washegari, da bayan kwana uku, da bayan mako.

Mai shirin WAEC ko NECO ya riƙa amsa tambayoyin shekarun baya da agogo a gabansa. Mai shirin JAMB kuma ya saba da kwamfuta tun kafin ranar, tunda a kanta ake rubuta jarrabawar. Mai disleksiya a karanta masa ya saurara, ko ya naɗi darasin da muryarsa a waya ya riƙa ji, kuma a tambaye shi da baki domin a san abin da ya fahimta.

Mataki na bakwai: a haɗa kai da makaranta da likita

A je a ga malamin aji a nemi abubuwan da ba sa cin kuɗi: a zaunar da shi a gaba nesa da taga, a ba shi damar gama kwafar aikin gida kafin a goge allo, a ba shi umarni ɗaya bayan ɗaya. A roƙi kada a riƙa dukansa ko kunyata shi a kan mantuwa. Idan ba a taɓa duba shi ba, a fara da gwajin ido da kunne, sannan a nemi ganin likitan yara ko na ƙwaƙwalwa, kamar a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Akwai magungunan ADHD da ke taimaka wa wasu, amma likita ne kaɗai zai rubuta su ya kuma bi diddigi, ba a sayo a kemis bisa shawarar maƙwabci ba.

Mataki na takwas: a janye hannu sannu a hankali

Da farko babba ne zai yi yaron yana kallo, sannan su yi tare, sannan yaron ya yi babba yana kallo, daga ƙarshe a koma dubawa sau ɗaya a mako. Idan abu ya zauna na wasu makonni, a daina tunatarwa da baki a koma tambayar, "Me takardarka ta ce?" Tsarin zai rushe bayan dogon hutu ko hidimar Salla ko rashin lafiya, kuma hakan ba ya nufin an koma farko, a dawo matakin da ya gabata na mako ɗaya ko biyu. A ware minti 10 kowace Juma'a da yamma, yaron ya faɗi abin da ya yi aiki da abin da bai yi ba, kuma shi zai rubuta jadawalin mako mai zuwa da hannunsa.