Kurakuran da aka fi yi da tsohuwar kalmar "thou"

Wanda ya buɗe fassarar Alƙur'ani ta Turanci da Pickthall ya fitar a 1930, ko Littafi Mai Tsarki na Sarki James na 1611, ya ci karo da "thou". Ɗaliban adabi ma suna fama da ita a wasannin Shakespeare. Babban kuskure shi ne ɗaukar ta a matsayin kalmar girmamawa, tunda da ita ake kiran Ubangiji. Na taɓa ganin wasiƙar wani ɗalibi da ya cika ta da "thou" don ya karrama shugaban makarantarsa. Abin ya ba ni tausayi, domin niyyarsa mai kyau ce.

"Thou" ita ce "kai" ko "ke", "ye" da "you" kuwa su ne "ku". Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Yaro mai tarbiyya yakan durƙusa ya ce wa dattijo "kun tashi lafiya?", ko da dattijon shi kaɗai ne a zaure. Haka Turawan Ingila suka yi. Bayan Normawa masu jin Faransanci sun ci ƙasar a 1066, sannu a hankali aka koma kiran manya da jam'i, aka bar "thou" ga 'ya'ya da barori da aminai, sai kuma wanda ake son a ci wa fuska. A shari'ar Walter Raleigh, wani bafaden Ingila, a 1603, lauyan gwamnati Edward Coke ya jefa masa ita da gangan don wulaƙanci. Mabiyan George Fox, 'yan ɗariƙar Kiristoci ta Kwaika (Quakers), sun sha duka saboda sun dage da ce wa masu mulki "thou". Masu fassara kuwa sun riƙe ta ne don ta bambanta tilo da jam'i, kamar "anta" da "antum" a Larabci.

Sai kuskuren rikita "thou" da "thee". Ta farko mai aikatawa ce, ta biyu wanda aikin ya faɗa wa. "Ka gan ni" shi ne "thou seest me", "na gan ka" kuma "I see thee". Mallaka "thy" ce, amma in wasali ya biyo baya sai ta koma "thine", kamar "thine eyes".

Wanda ya fi damuna shi ne manna "eth" a wutsiyar kowane aikatau don magana ta yi kama da ta dā. "Thou goeth" karyayyen Turanci ne. "Eth" ta "shi" da "ita" ce, wato "he goeth". "Thou" tana tafiya da "est", a ce "thou goest". Kaɗan ne suka kauce wa wannan, sai dai a haddace su: "thou art", "thou hast", "thou wilt", "thou shalt".