Yadda Ake Tatsar Akuya

Da sassafe ake yi, kafin ɗanta ya sha.

Fara da wanke hannu da sabulu, ka goge hantsarta da ruwan ɗumi da tsumma mai tsabta, ka bari ta bushe. Ɗaure ta, ka zuba mata ɗan dusa ta shagala da ci.

Zubar da ɗigon farko a wani kwano daban. Idan ka ga gudaji ko jini, kada a sha, a nemi likitan dabbobi.

Kama kan nonon da babban yatsa da manuni, sannan ka matse da sauran yatsu zuwa ƙasa. Kada ka ja, ciwo yake mata, wallahi. Bar wa ɗan nasa rabo.

Tace madarar, ka tafasa kafin a sha.