Kifi Mai Bakin Bututu da Mazauninsa a Teku

A cikin ruwan ɗumi na Tekun Indiya da yammacin Tekun Fasifik, musamman gaɓar Indonesiya da Filifin da kudancin Japan da arewacin Ostireliya, akwai wani siririn kifi mai dogon baki kamar bututu. Danginsu ɗaya da dokin teku, wato ƙaramin kifi mai kai kamar na doki, kuma ire-irensa sun haura 200. Wanda za mu karanta a wannan darasi shi ne mai zobba, wanda wani likita ɗan ƙasar Holan, Pieter Bleeker, ya fara bayyana shi a rubuce a shekarar 1853.

Tsawonsa yakan kai santimita 19. Jikinsa fari ne mai ratsin ja ko baƙi da suka zagaye shi tun daga baki har wutsiya, ita kuwa wutsiyar ja ce mai farin gefe. Maimakon ɓawon da aka saba gani a jikin kifi, farantai na ƙashi ne suka lulluɓe shi, shi ya sa ba ya iya lanƙwasa jiki sosai, ba ya kuma iyo da sauri. Ba shi da haƙori ko ɗaya. Idan ya hangi abincinsa, wato ƙananan halittu dangin jatan lande waɗanda da ƙyar ido yake ganinsu, sai ya matso a hankali ya zuƙe su tare da ruwa cikin ƙiftawar ido.

Abin da ya fi cancanta mai karatu ya riƙe shi ne yadda yake haihuwa. Mace ce take yin ƙwai, amma ba ita take renonsu ba. Takan manna su a ƙarƙashin cikin namiji, shi kuma ya ba su iri, ya ci gaba da yawo da su duk inda za shi har ranar da za su ƙyanƙyashe. Wasu 'yan uwansa suna da jaka ta fata da ke rufe ƙwan, shi kuwa ba shi da ita, don haka ana iya ganin ƙwan jere a fili a jikinsa. Da zarar 'ya'yan sun fito, kowanne ya kama gabansa, babu sauran kulawa daga uwa ko uba.

Tun da ba gwanin iyo ba ne, rayuwarsa ta dogara ga maɓoya. Yana zaune cikin koguna da tsagogin duwatsun murjani, wato duwatsun da wasu ƙananan halittun teku masu rai suke ginawa, sau da yawa namiji da mace tare. Idan zafin ruwan teku ya yi yawa har murjani ya koɗe ya mutu, ko aka farfasa shi da nakiya wajen kamun kifi, wannan kifin ba ya iya yin doguwar ƙaura don neman wani wuri. Ana kuma kama shi da rai a sayar wa masu ajiye kifin ado a akwatin gilashi, alhali ciyar da shi a can yana da wuya ƙwarai, domin ya saba da abinci mai rai.