Yadda na gyara Wi-Fi ɗin gida da ke yawan yankewa

Sabuwar rauta ce, wato na'urar da ke rarraba Wi-Fi a gida, fitilunta duk a kunne, amma a ɗakin baya intanet sai ya zo ya ɗauke, bidiyo ya tsaya yana ta juyawa.

Na fara da mazauninta. Kebul ɗin kamfani a kusurwar falo ya shigo, nan rautar ta zauna, a ƙasa, bayan talabijin. Bangon siminti da ƙarfe suna cinye sigina sosai. Na samo kebul mai tsawo, na ɗora rautar a kan wata kanta a tsakiyar gida, eriyoyinta a tsaye. Abin ya yi sauƙi, amma da dare yakan dawo.

Nan ne ainihin matsalar take. Da dare maƙwabta duk suna kan intanet, rautocinmu kuma na cunkushe a tasha ɗaya. Na buɗe burauza, na rubuta 192.168.0.1, adireshin da ke manne a ƙasan rautar (wasu 192.168.1.1 ne), na shiga saiti. Rautar tana aika sigina a zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. A zangon 2.4 GHz tashoshi 1, 6 da 11 ne ba sa hawa kan juna, sai na koma 11 da ba ta da jama'a. Wayoyin falo na mai da su 5 GHz, ya fi gudu amma bai iya ratsa bango sosai, ɗakin baya kuwa na bar shi a 2.4.

Kafin in fita na canza kalmar sirrin shiga saiti, domin wadda ake zuwa da ita daga kamfani ba abin dogaro ba ce, na kuma tabbatar tsaron yana kan WPA2, wani tsarin kulle Wi-Fi da kalmar sirri. Tun daga ranar bai sake yankewa ba.