Kafin ku saya wa Hajiya famfas

Ni ma'aikaciyar jinya ce, a Tudun Wadan Kaduna nake, kuma yanzu yawancin aikina koyar da masu kula da tsofaffi ne. Abin da na fi gani shi ne, da zarar tsohuwa ta jiƙa shimfiɗa sau biyu, washegari sai ga ɗanta da katan ɗin famfas. Ni kan ce a dakata tukuna.

Ku fara da littafin rubutu da biro. Kwana 3 ana rubuta lokacin da ta sha ruwa ko shayi, lokacin da ta zaga, da lokacin da fitsarin ya kufce. Wata baiwar Allah da muka yi wa haka a Rigasa, sai muka ga kullum tsakanin ƙarfe 2 da 3 na dare abin yake faruwa. Ashe banɗakin yana can ƙarshen tsakar gida, ga duhu in an ɗauke wuta, ga ciwon gwiwa. Kujerar roba muka huda, muka sa bokiti mai murfi a ƙasa, muka ajiye gefen gado da fitila mai caji. Shi ke nan.

Da rana kuwa, a sa ƙararrawar waya duk bayan awa 2 zuwa 3. Kada a jira ta nema, kunya ba za ta bar ta ba, balle in suruka ce ke kula da ita. A matso kusa, a sassauta murya: "Hajiya, mu je ki kama ruwa kafin La'asar." Ba a tambayarta a gaban jikoki ko ta yi fitsari. Wannan kalma ɗaya tana iya sa ta daina shan ruwa, kuma a zafin Maris da Afrilu hatsari ne babba. A ba ta ruwa isasshe da rana, a rage da daddare, a rage shayi da lemon kwalba mai kafeyin, wato sinadarin nan mai hana barci.

Dattijo namiji a cire masa wando mai tazuge, a ba shi mai roba.

A kai su asibiti a duba ciwon suga, ƙwayoyin cuta a mafitsara, taurin bahaya, da kumburin furostat ga maza, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsara. Wasu magungunan hawan jini suna ƙara fitsari, a tambayi likita ko za a mayar da su safe. Robar fitsari kuma ba ta hutun mai jinya ba ce, ƙwayoyin cuta take jawowa.

In famfas ɗin ya zama dole, a canza da zarar ya jiƙe, a wanke daga gaba zuwa baya, a tsane da tawul ba tare da gurzawa ba, a shafa basilin. Duk mai karɓar aiki, har yarinyar da ke kwana ɗakin, ku tsaya ta yi a gabanku sau biyu kafin ku bar mata littafin.