Yadda Sabon Mai Walda Zai Fara Aiki da Injin MIG da Tukunyar Gas

Yawancin masu walda a Bauchi da kibiya, wato sandar walda, suka koyi sana'ar, musamman E6013 mai kaurin milimita 2.5, wadda ake kira geji 12 a kasuwa. Ɓawon da ke jikin kibiyar, idan ya ƙone, shi ke ba da hayaƙin da ke kare narkakken ƙarfe daga iskar waje. Injin MIG kuwa waya ce tsirara yake turowa ta bakin bindigarsa, saboda haka kariyar daga tukunyar gas take zuwa, kuma duk abin da ya sami gas ɗin sai ya bayyana a jikin waldar.

Kafin ka sayi injin, ka fara binciken inda za ka riƙa cika tukunya, domin injin da babu gas ɗinsa kusa zaman ado zai yi a shago. Ka nemi injin da ke yin MIG da kibiya duka, sannan ka tabbata janaretanka zai ɗauke shi, tun da ƙaramin janareta na gida ba ya iya wannan nauyi.

Baƙin ƙarfe na ƙofofi da tagogi yana karɓar CO2 zalla, wanda ya fi araha kuma yake ratsa ƙarfe sosai, sai dai yana yawan fallatsi. Haɗin gas ɗin agon kashi 75 da CO2 kashi 25 ya fi ba da walda mai santsi, kuma shi ya dace da falle marar kauri irin na bodin mota. Alminiyam da waldar TIG, wadda ake yi da tsinke marar narkewa, agon zalla suke buƙata. Iskar oksijin da masu gyaran bodi ke haɗawa da kabayid aikinta hura wuta ne, don haka kada a kuskura a jona ta da wannan injin, haka ma gas ɗin girki.

Ka tsayar da tukunyar, ka ɗaure ta da sarƙa a jikin bango ko a kan keken injin, domin matsin cikakkiyar tukunyar agon yakan kai 150 zuwa 200 a ma'aunin matsi na bar, kuma idan ta faɗi kanta ya karye babu mai iya tare ta. Ka ɗaura regileta irin ta gas ɗin, ka tsaya a gefe, ka buɗe a hankali, sannan ka shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa ta tiyo. Inda kumfa ya taso, nan ne yake zurara. Ka sa waya ER70S-6 mai milimita 0.8, bindiga a kan alamar tarawa, wayar at, wato wadda ake maƙalawa a jikin ƙarfen aiki, a kan alamar ɗebewa, ka maƙala ta a wurin da ka goge tsatsa da fenti har ƙarfen ya yi ƙyalli.

Gudun gas lita 10 zuwa 15 a minti ya wadatar, kuma ana daidaita shi ne yayin da aka danna kunamar bindiga. Sababbin hannu sukan ɗauka cewa ƙara gas ƙara kariya ne, alhali idan ya yi yawa hargitsewa yake yi ya jawo iskar waje cikin narkakken ƙarfen.

Babbar matsalarmu a nan ita ce iska. Shagunanmu a bakin titi suke, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke kaɗawa, iskar takan kwashe gas ɗin kafin ya sauka a kan ƙarfe. Za ka ga waldar ta fito da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, kuma irin wannan ba ta ɗaukar nauyi ko da an rufe ta da fenti. Maganinta shi ne a kange wurin da kwano ko katanga, a kashe fanka, a goge wurin da ya lalace a sake. Aikin waje, irin ɗaura get ko rufi, a ganina gara a koma wa kibiya.

Ka yi gwaji a kan guntayen ƙarfe masu milimita 3, wayar ta leƙo kimanin milimita 10, kana sauraron ƙara mai ɗorewa marar yankewa. Ka karya abin da ka haɗa da guduma, ka nuna wa maigidanka cikinsa.

Hular walda mai gilashi lamba 10 zuwa 12, safar hannu ta fata da riga ta auduga mai dogon hannu wajibi ne, domin baƙin tabarau na kasuwa ba ya hana hasken ƙona ido. Hayaƙin bututun galbanaiz yana sa zazzaɓi. Agon da CO2 kuma sun fi iskar numfashi nauyi, suna taruwa a ƙasan tankin ruwa ko rami ba tare da wari ba, saboda haka kada ka shiga irin wannan wuri da bindiga sai da hanyar shigar iska da kuma mutum a waje yana lura da kai.