Yadda Za a Shirya Wasan Barkwanci na 'Yan Tsana Domin Manya

Duk mai niyyar shirya wasan 'yan tsana domin manya ya fara sanin cewa irin wannan shiri yakan mutu da wuri. A Amurka, tashar Fox ta fara nuna Greg the Bunny a 2002 kuma ta dakatar da shi a shekarar, yayin da ABC ta tsayar da The Muppets a 2016 bayan an nuna kashi 16 na shirin. A ganina, tushen matsalar shi ne da zarar an ga 'yar tsana sai a ɗauka shirin yara ne, babba ya tashi, yaro kuma ya zauna yana jin maganar da ta fi ƙarfinsa. Saboda haka a nemi lokacin dare, bayan yara sun kwanta, kuma a faɗa tun farko cewa shirin na manya ne.

Sai rubutu, wanda shi ne ya fi cin lokaci. Barkwancin manya a wurinmu yana cikin habaici da zambo mai kunya, irin wanda Bazazzage yake yi wa Bakane su rabu suna dariya. 'Yar tsana tana iya gaya wa mai gidan haya a Samaru, ko ɗan siyasar da ba a ganinsa sai zaɓe ya gabato, abin da mutum zai ji nauyin faɗa. Batsa kuwa a guje mata, domin mai kallo zai juya baya tun kafin hukumar NBC, mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin a Najeriya, ta yi magana.

Haɗa 'yar tsanar ba shi da wuya: a sayi soson katifa a kasuwar Sabon Gari, a yi mata baki da kwali mai kauri, tela ya ɗinka mata riga da hula.

Sarrafa ta ne ke bukatar horo. Yatsu huɗu su riƙe saman baki, babban yatsa shi kaɗai ya riƙa motsa haɓa, kuma baki ya buɗe a kan kowace gaɓar kalma, in ba haka ba kai zai riƙa ɗagawa sama idanu su bar kyamara. Mai wasan yana ƙasa, hannunsa a sama, yana duba ƙaramin talabijin domin ya ga abin da ake ɗauka, kuma tun da kafaɗa tana saurin gajiya, a riƙa ɗauka a gajarce. Ɗaliban sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello sun dace da wannan aiki. A kammala 'yan kashi, a gwada su a Facebook, sannan a tunkari gidan talabijin.